Dutsen Magana na Gindin Ɓaure

Hannu tara ne suka ɗaga ranar da aka kori Ketaki Nimkar daga ƙungiyar da ita ta kafa. Ta ƙirga su daga dama zuwa hagu, ta dawo daga hagu zuwa dama, tana haɗa kowane hannu da fuskar mai shi. Shida na mata, uku na maza. Ɗaya da awarwaro kore, ɗaya da agogon da ita ta raka aka sayo. Na ƙarshen ya tsaya a tsakiya, kamar mai shi yana sosa kunne, amma Ketaki ba ta san rabin hannu ba. Ta sa shi cikin taran. Huɗu ne ba su ɗaga ba, har da nata.

Ƙirga dai a jininta take. Ubanta kwandastan bas ne a garin Satara, kuma duk ranar da babu makaranta yakan zaunar da ita bayan direba ta ƙirga masa kawuna. Wanda ya sulale bai yanki tikiti ba, ita ce ke riƙe launin rigarsa har su juyo da yamma ta nuna shi. Da ta girma ta koyi gwajin jini, ta zo birnin Pune, ta yi shekaru tana leƙa madubin asibiti tana ƙirga ƙwayoyin jinin mutanen da ba ta taɓa gani ba. A can ta gamu da Milind, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai sanyin hali, wanda ya zo a ɗebi jininsa ya sume.

"Da na farfaɗo," haka yake ba da labari har yau, "sai na ga mace a kaina tana cewa ni ne na uku yau. Tun daga nan na san ba zan taɓa zama na ɗaya ba."

Suka yi aure, suka zauna a hawa na uku tare da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Aaji. 'Ya ɗaya suka haifa, Gargi.

Gargi tana da i'ina. Ba irin wadda ake ɗan tuntuɓe a wuce ba, irin wadda harafi ke maƙalewa a maƙogwaro har jijiyar wuya ta tashi. A ajinsu su hamsin da takwas ne, kuma kowane ɗaya ya iya ƙarasa mata magana. Malama ma da kanta takan ƙarasa, da kyakkyawar niyya, don darasi ya tafi. Kafin Gargi ta kai shekara bakwai ta gano cewa in dai za a ƙarasa mata, ba ta da dalilin farawa. Sai ta yi shiru. A makaranta shiru, a gida ɗaga kai da girgiza kai.

Ketaki ba mai dogon tunani ba ce. Ta cire yarinyar daga makaranta, ta mai da aikinta na rabin yini, ta ture teburin cin abinci jikin taga ta ce nan ne aji.

"Yarinya ba makaranta?" in ji Aaji. "In 'yan uwa suka tambaye ni aji nawa take, in ce musu me? Ajin kicin?"

"Ki ce musu ajin mutum ɗaya, Aaji, kuma ita ke zuwa ta ɗaya."

Karatu ya tafi, amma bango huɗu bango huɗu ne. Yarinya ta iya lissafi, ta iya rubutu, ba ta da wanda za ta yi faɗa da shi. Shi ya sa Ketaki ta fara hawa da ita tudun da ke bayan unguwa, inda tsofaffi ke tattaki da safe. Can sama, bayan tankin ruwa, akwai wani tsohon ɓaure mai inuwar da za ta ɗauki mutum arba'in ba a matsu ba. A gindinsa suka tarar da wata mata da tagwayenta maza suna tona ramin tururuwa. Madhura ke nan. Ita ma a gida take koyar da nata. Ta taɓa aiki a kamfanin talla, tana da murya mai laushi da Turanci mai santsi, kuma ta girmi Ketaki, don haka Ketaki ta kira ta Tai, kamar yadda ake kiran yaya.

A gindin ɓauren nan suka ƙulla abin. Kamar adashe ne, sai dai ba kuɗi ake zubawa ba, abin da mutum ya iya yake zubawa. Talata da Asabar a hau tudu, kowane gida da ranar zubinsa. Mai sanin tsuntsaye ya kawo tsuntsaye, mai sanin taswira ya kawo taswira. Milind ya koya wa yara auna tsawon bishiya da inuwarta. Farzana Tamboli, mai ɗinki, ta koya musu rina ƙyalle da ɓawon rumman. Ketaki ta hau da tsohon madubinta ta nuna musu abin da ke iyo a ɗigon ruwan tanki, har yara uku suka yi rantsuwa sun daina shan ruwa. Gida biyu suka zama biyar, biyar suka zama goma sha uku, yara ashirin da biyu. Ketaki tana ƙirga su a ƙasan tudu, ta ƙirga a tanki, ta ƙirga a gindin bishiya.

Doka uku gare su, kuma duka daga bakin Ketaki suka fito. Ta farko, ba a ba yaro maki. Ta biyu, ba a hawa tudu da addini. A cikinsu akwai Hindu, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai waɗanda ba ruwansu da ko ɗaya, don haka kowa ya ajiye nasa a ƙasa tare da babur ɗinsa, in ya sauko ya ɗauka. Ketaki ba ta wasa da wannan. Wani uba ya taɓa zuwa da alawar da aka yi wa albarka a haikali, ta tsayar da shi a bakin hanya, ta sa aka cinye a ƙasa kafin a hau.

"Ke, Ketaki," in ji Farzana, bakinta cike, "in alawar ta hau a cikin cikinmu fa? Ko sai mun amayar?"

"Abin da ke ciki ba hurumina ba ne. Goge bakinki mu tafi."

Doka ta uku ita ce ta dutse. A gindin ɓauren akwai wani baƙin dutse, tsayinsa gwiwa, kamar turmin da aka kife. Duk wanda ya zauna a kai, magana tasa ce. Ba mai katse shi, ba mai ƙarasa masa, babba ko yaro, har sai ya tashi da kansa. Ba a taɓa faɗin don wa aka yi dokar ba, kowa ya sani. Gargi ta daɗe tana zagaya dutsen kamar kyanwa da ruwa. Wata Asabar ta zauna, ta ɓare ɗan ɓaure ɗaya, ta nuna ƙananan ƙwarin da ke ciki, ta fara bayani. Ta maƙale, aka jira. Ta sake maƙalewa, tagwayen Madhura suka toshe bakinsu da hannu don kada ya kuɓuce. Ta kai ƙarshe da kanta. Ketaki ta juya baya tana ƙirga takalma don kada a ga idonta.

Daga nan Gargi ta samu baki, amma bakin yana da mazauni. A kan dutsen nan take zuba labari. Abin da ta faɗa a can shi take ɗan tsakurowa ta kawo gida.

Madhura ce ta fara ɗaukar hoto tana sawa a waya. Hotuna suka jawo tambaya, tambaya ta jawo baƙi. Sai ga suna an raɗa wa ƙungiya, sai ga hula kore ga kowane yaro, sai ga maganar sababbin shiga su riƙa biyan wani abu tunda ba su da lokacin zubi. Ketaki ta yi gunaguni, amma ta bari. Sai aka sa ranar baƙi, iyaye masu son shiga su zo su gani da idonsu. Ana saukowa tudu Madhura ta riƙo hannunta.

"Ketu, ƙanwata, wata 'yar alfarma. Ranar Asabar Gargi ta huta da dutse."

"Ta gaji ne ta faɗa miki?"

"Haba, kin san abin da nake nufi. Mutanen nan ba su saba ba. Za su ƙosa, ita ma za ta ji kunya. Don ita nake faɗa."

"Tai, dutsen nan don wa aka kafa shi?"

"Don kowa mana."

"To, tana cikin kowa."

Ranar Asabar baƙi goma sha shida suka hau, da takalman tattaki sababbi fil. Gargi ta zauna a kan dutse da gashin tsuntsu a hannu. Idanu sun yi yawa, harafin farko ya ƙi fita. Wuyanta ya kumbura. Wani baƙo ya ɗaga waya yana ɗauka. Sai Madhura ta yi 'yar dariya mai daɗi, ta dafa kafaɗar yarinyar, ta ce da Turanci, "Gargi tana so ta gaya muku gashin mujiya ne, ko ba haka ba, 'yata? Mu tafa mata." Aka tafa. Gargi ta sauka daga dutsen, ta ajiye gashin a ƙasa.

Ketaki ba ta yi ihu ba. Ta taka har gaban baƙon, ta zare wayar daga hannunsa, ta saka ta a bokitin ruwan wanke hannu, ta danna da yatsa don ta nutse sosai. Sannan ta juya ta faɗa wa Madhura abubuwan da ba a faɗa a gaban yara. Abin da ya kai ga taron iyaye ke nan, da hannuwa tara.

Gida uku suka fita tare da ita, har da na Farzana. Yara bakwai. Suka gwada lambun unguwa, ƙarar motoci ta hana a ji juna. Suka gwada saman bene, rana ta koro su. Ketaki ta ce tudu ba na uban kowa ba ne, ta kwashi yaranta bakwai suka yi sammako suka zauna a gindin ɓaure. Ba a jima ba sai ga hula kore arba'in da ɗaya sun kewaye su, da malamai biyu na haya, da Madhura tana murmushi tana cewa a matsa wa baƙi su zauna. Baƙi! A kan dutsen kuwa an ɗora akwatin magani da tulin kofuna. Gargi ta dube shi sau ɗaya, ta kama hanyar gida. Shirun nan ya dawo, ɗaga kai da girgiza kai.

"Ki bar su da halinsu," in ji Farzana. "Bishiya ta ƙare a Pune ne?"

"Ba bishiya nake nema ba."

"To me kike nema?"

"Ina so in ga ranar da Madhura za ta tsaya a can ta buɗe baki, wani ya ƙarasa mata."

Milind ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, kada a sake wanke wayar kowa. Ketaki ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba ta maimaita aiki.

Bazara ta shigo. Madhura ta ba da hutu kamar kowace makaranta, masu hali suka tafi bakin teku shan mangwaro. Wata rana Ketaki tana kan babur za ta aiki, cunkoso ya tsayar da ita a inda ake faɗaɗa titi. An rushe shaguna, an sare itatuwa, an ture katangar wani attajiri. Amma a tsakiyar sabuwar kwaltar an bar wani ɗan dutse da bai kai tukunya ba, shafe da shendur, wani garin ibada ruwan goro, titi ya rabu biyu ya zagaye shi ya sake haɗewa. Ta wuce nan ba adadi, ba ta taɓa kallo ba. Ranar ta kalla har na baya suka dame ta da oda. Dutsen da aka shafa wa shendur na Maruti ne, abin bautar Hindu, ba mai taɓa shi. Ranakun bautar Maruti kuwa Talata da Asabar.

Aaji tana da gwangwanin shendur a kusurwar da take ibada. Ketaki ta ɗebi cokali huɗu, ta kwaɓa da man gyaɗa a murfin kwalba. Ta sayi zaren furanni ɗaya da turaren tsinke ɗaya a wata unguwa inda ba a san ta ba. Da rana tsaka ta hau, lokacin da ko kare ba ya fita, tudu ya bushe ƙamas, duwatsu na ƙona tafin takalmi. Ta durƙusa gaban dutsen. Gefen da Gargi ke dafawa ya yi santsi. Ta ɗan tsaya a nan, sannan ta tuna 'yar dariyar nan mai daɗi, ta tsoma yatsu. Ta shafe shi tas daga sama har ƙasa, ta rataya furen, ta kunna turaren, ta goge yatsu da ɗankwalinta, ta sauko. Sau ɗaya ta yi. Ta san mutanenta, ta san ba sai an yi na biyu ba.

Daga nan ta zama mai tattakin safe. Zuwan farko ta tarar da fure uku da ba ita ta sa ba. Matan da ke hawa neman itace ne. Zuwa na gaba, ɓawon kwakwa biyu da 'yar fitilar mai. Wani tsoho mai ritaya, wanda ya shekara da shekaru yana wuce dutsen yana miƙa ƙafa a kansa, ta gan shi ya cire takalmi ya haɗa tafin hannu.

"Tun yaushe yake nan, Baba?" ta tambaye shi.

"Tun kafin a haife ki, 'yata. Mu ne dai ba mu da ido."

Sai ƙararrawa a reshe. Sai tuta ruwan goro a kan gora, ana hango ta daga titi. Wani ya kawo siminti ya yi dakali, wani ya kafa masa idanu biyu na azurfa. Wata mata ta buɗe tebur a ƙasan tudu tana sayar da fure da kwakwa. Aka ce gwiwar wani ta warke, aka ce ɗan wata ya ci jarrabawa. Ketaki tana tsayawa daga wajen tanki tana ƙirga takalman da aka jere. Ranar da suka haura ƙafa ɗari ta sayo wa gida alawa, ba ta faɗi dalili ba.

Ruwan farko ya sauka, tudu ya yi kore, hutu ya ƙare. Talatar farko Ketaki ta riga kowa, ta samu wuri mai kyau a kan tanki da shayinta a kwalba. Hula arba'in da ɗaya suka taho a jere suna waƙa, Madhura a gaba. Waƙar ta mutu a bakin inuwa. Layi ne tun daga dakali har hanya, hayaƙin turare ya cika ƙarƙashin ɓaure, ƙararrawa ba ta hutawa. Ɗaya daga cikin tagwayen ya ruga da takalminsa zai hau dutse kamar yadda ya saba. Wata tsohuwa ta cafke shi a kunne.

"Ɗan wa ne wannan? Ba a koya maka komai a gida ba?"

Madhura ta matso da muryarta mai laushi, ta kira ta inna da yarensu. "Mawshi, ki yi haƙuri, nan ajinmu ne. Wannan dutsen ai na yara ne, a kansa suke..."

"A kansa suke me?" in ji tsohuwar. "Cire takalmi kike son cewa. Cire, ki bi layi."

Ketaki ta kurɓi shayi. An ƙarasa wa Madhura.

Madhura ta je wurin mai gadin daji. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire hula ya sosa kai. "Madam, ni in taɓa shi? Ina da 'ya'ya ƙanana. Ki kawo wanda ya fi ni, in ya taɓa in riƙe masa riga." Ba a samu wanda ya fi shi ba. Ta matsar da aji gefen inuwa, ƙararrawa ta cinye muryar malamai. Wasu iyayen suka fara tura yaransu su sunkuya kafin darasi. Wasu suka ce ba don wannan suka cire yara daga makaranta ba, an yi musu alkawarin tudu babu addini. Wata uwa ta raba kwakwar albarka, wani uba ya ƙwace daga hannun ɗansa, aka yi cacar baki a gaban yara. Madhura ta kai su wani wuri can gaba, babu inuwa, babu tanki, kuma duk hotunan da suka jawo mutane na ɓauren ne. Hula arba'in da ɗaya suka koma talatin, suka koma goma sha bakwai. Ranar da Ketaki ta ƙirga shida, biyu na tagwaye ne.

A siririyar hanyar da ke ƙarƙashin tanki suka yi kiciɓis, inda ba wurin kaucewa. Madhura ta rame, ba hula a kanta.

"Ke ce."

"Ina kwana, Tai. Ni ce me?"

"Kada ki raina mini hankali. Ke kika shafa."

"Ni? Ni da na hana alawa hawa tudun nan? Tambayi kowa."

"Sai na faɗa musu."

"Bismillah, in ji Farzana. Ga su can, na ƙirga, sittin da biyu ne a layi, ban da masu goyo. Je ki ce musu abin da suke sunkuyar wa kujerar yara ce. Kawo takalminki in riƙe miki, don za ki buƙaci gudu."

Madhura ta dube ta, bakinta na motsi, kalma ta ƙi fita. Ketaki ta harɗe hannu ta jira. Ba ta katse ta ba, ba ta ƙarasa mata ba. Ta bar ta a nan har ta gaji ta raɓa ta wuce.

Ranar Ketaki ta dafa abinci kala huɗu. Ana cikin ci Aaji ta ajiye cokali ta ce ta ji labarin Marutin tudu, kuma ta yanke shawara. Asabar za ta hau da Gargi. Ta yi alkawarin kwakwa goma sha ɗaya in harshen jikarta ya saki.

"Aaji, da wannan gwiwar taki?"

"Da ita. Ke za ki riƙe ni. Na san ba kya so, ba sai kin sunkuya ba."

Haka Ketaki ta hau da surukarta a kafaɗa, suna hutawa a kowane kwana. A bakin inuwa ta cire takalmi, ta sa su cikin jerin da ta saba ƙirgawa. Aaji ta shiga layi. Gargi ta tsaya can gefe, ta ƙura wa dutsen ido. Ya yi kauri da shafe-shafe, fure ya binne shi har wuya, idanun azurfa suna kallon kowa. An kewaye dakalin da ƙarfe. Ta juyo ta kama hannun uwarta, ta ja ta bayan bishiya, ta buɗe tafin hannun kamar mai neman wani abu.

"Aai," ta ce, yadda take kiran uwarta. Sai ta maƙale. Wuyanta ya tashi. Ketaki ta san kalmar da ke zuwa, tana kan harshenta, ta cije.

"Na g-ga ɗankwalinki. A ƙ-ƙasan kwando. Ruwan goro." Ta ja numfashi. "D-dutsena ne. Ba naki ba. Ba na Madhura Mawshi ba. Ta hana ni r-rana ɗaya. Ke kin hana ni d-duka." Ta nuna ƙarfen da yatsa. "Yanzu a ina zan z-zauna?"

Ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi abin da ta gani a makaranta, da abin da ta ji ranar baƙi, da yadda wayar nan a bokiti ta fi tafin ba ta kunya. Tana maƙalewa tana ɓallewa, hawaye na zuba, ba dutse a ƙarƙashinta. Ketaki ta tsaya ƙafa ba takalmi a kan ruɓaɓɓun 'ya'yan ɓaure, ta sha duka. Tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa jin magana mai tsawon wannan daga bakinta a tsaye ba.

Daga cikin layi Aaji ta hango bakin jikarta yana motsi ba ƙaƙƙautawa. Ba ta jin me ake cewa. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta fashe da kuka, matan layi suka kewaye ta suna tambaya. Kafin su sauko labari ya riga su ƙasa, mai tebur ta ce kwakwa ta ƙare sai gobe.

Ketaki ce ta sayo goma sha ɗayan, ita ta hau da su a buhu a bayanta. Da ta dawo tana shafa wa kafaɗarta mai, Aaji na zaune tana goge gwangwaninta.

"Shendur ɗina ya ragu a bazarar nan," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Kamar cokali huɗu."

Ketaki ta ci gaba da shafa man.

"Ba komai. Duk wanda ya kai shi can, ba shi ya aiki kansa ba."

Wannan ya fi buhun kwakwa yi wa Ketaki nauyi. Ita ta ƙulla, ita ta kwaɓa, ita ta sha rana, a ce wai aike ne! Ta buɗe baki, ta ga Milind yana girgiza mata kai daga bakin ƙofa, ta rufe.

Ɓaure dai ya tafi, ba na Madhura ba, ba na Ketaki ba. Doka ta biyu tana nan, ita ta kafa ta, ba za ta kai yara inda ake kaɗa ƙararrawa ba. Ƙungiyarta tana haɗuwa yanzu a ɗaya gefen tudun, ƙarƙashin wata ramammiyar darbejiya mai inuwar mutum goma in an matsu. Gida shida ne, yara goma sha uku. Cikin hannuwa taran nan, biyar sun bugo waya suna neman dawowa. Ta karɓi mai awarwaro kore da mai agogo, bayan ta bar su sun maimaita roƙon a gaban kowa. Mai sosa kunne ya bugo har ya gaji.

"Ai ni ban ɗaga sosai ba, Ketaki Tai."

"Ni ma ban ƙi ka sosai ba. Ka ci gaba da bugowa."

Sabon dutse kuwa Gargi ce ta zaɓa, a tsohon ramin fasa dutse da ke can ƙasan tudu. Ta wuce ƙanana da matsakaita, ta dafa wani baƙi mai faɗin faifai da kaurin turmi. Milind ya naɗe hannun riga, Farzana ta ce a nemo amalanke.

"A'a," in ji Gargi. "Aai ce za ta k-kai. Ita kaɗai."

Ketaki ta dubi dutsen, ta dubi 'yarta, ta ga idon da ta saba gani a madubi. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ɗauka ba ta yiwu ba, sai mirginawa, kuma sau biyu yana ƙwacewa ya koma ƙasa. Yara goma sha uku suna biye suna yi mata kirari, ba wanda aka yarda ya sa hannu. Da ta kai shi gindin darbejiya, farcenta biyu sun fashe, ta zauna a ƙasa tana haki. Daga can gefen ana jiyo ƙararrawa. Ta saurara, ta yi murmushi, ta ce a ƙara doka ta huɗu: ranar koyon zane-zane, kowane launi ya hau tudu ban da ruwan goro.

Gargi ta zagaya dutsen, ta share shi da tafin hannu, ta zauna. Kowa ya yi shiru, uwarta ta fi kowa.